Tiren Goro da Kujerar Mma

Ƙafafuna gado ne daga mahaifiyata, wadda muke kira Mma. Daga ƙugu zuwa sama ni mace ce siririya, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa sai ka ce na wata na ara. Cinya da ƙwauri sun cika sun yi nauyi, a idon sawu abin ya tsaya cak kamar an ɗaure da zare, tafin ƙafa yana nan ƙarami yadda Allah ya halicce shi. In jikata ta hau cinyata sai na cije leɓe. In na ɗan bugi bakin gado, washegari wurin ya yi baƙi.

A unguwarmu ta Zango kowa likita ne. Wasu suka ce tundurmi ne, wasu suka ce sammu na taka, wata ƙawata kuwa ta ce tuwo ne kawai, in rage loma. Na rage loma har wuyana ya zama kamar na kaza, ƙafa ko gezau. Sai bayan haihuwata ta huɗu wata likita a babban asibiti ta latsa ƙwaurina, na yi ƙara, ta faɗa mini sunan ciwon, lipodima. Ta ce wani kitse ne mai ciwo da ke taruwa a ƙafafun mata, yakan bi jini, kuma yunwa ba ta narkar da shi. Ba ta yi mini alkawarin warkewa ba. Ta rubuta mini safa mai matsewa, ta ce in riƙa tafiya kullum, kada in yarda in zauna.

Wannan na ƙarshen ban buƙaci likita ta faɗa mini ba, na gani da idona. Da ƙafar Mma ta yi nauyi, mahaifinmu ya sa kafinta ya yi mata kujera mai faɗi, aka ajiye a baranda. Mu kuma 'ya'ya masu ladabi muka hana ta tashi. Ruwan alwala a kawo mata, cefane a yi mata, gaisuwar rasuwa a je a madadinta. Da farko takan je masallacin Juma'a, daga baya sai ƙofar gida, daga baya ko ƙofar gidan ta gagara. Da biyayya muka zaunar da ita, kuma a zaune ta ƙare kwanakinta. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci da kaina.

Matsalar ita ce a unguwarmu mace mai shekaruna ba ta fita haka kawai. Na gwada. Kafin in kai bakin titi mutum biyar sun tare ni, lafiya, wa ya rasu. Da na ce motsa jiki nake yi, mai sayar da koko ta yi dariya har ludayi ya kuɓuce mata. Kwana uku na yi na daina.

Goro ne ya cece ni. A Zango ba a gayyatar manya suna ko ɗaurin aure da baki kawai. Sai an bi su gida gida da goro da 'yar alewa, a durƙusa, a faɗi rana. Aiki ne da kowa ke gudu, ni kuwa na ce a bar mini. Cikin ɗan lokaci duk wanda aka yi wa haihuwa a dangi da maƙwabta ni yake aiko wa. Bayan sallar asuba in yi kokawa da safa har in yi gumi, in jera goro a tire, in rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, in kama hanya. In ratsa lungunan tsohon Zango, in haura unguwar Ashtawun wajen danginmu masu shago, wani lokaci in shiga trotro, motar haya, zuwa Oforikrom, yaron mota yana gunaguni wai na cinye kujera biyu. Ƙafar tana ciwo, ba zan yi ƙarya ba, amma ciwon mai tafiya daban yake da na mazauni. Da tire a hannu ba wanda ke tambayata ina zuwa. Shekara da shekaru haka na rayu.

Bara da damina na taka katakon da aka gitta a kan kwata, ashe ya ruɓe. Ya karye da ni. Goro ya watse cikin ruwan ƙazanta, maza uku suka taru kafin su ɗaga ni, kuma duk wannan a gaban shagon ƙanena aka yi. Ya fito da gudu. Na dubi fuskarsa na ga tsoro, na kuma ga kunya, kunyar ta fi yawa. Sati biyu cinyata tana baƙa ƙirin, amma ƙashi bai taɓu ba.

Da auren 'yarsa ta fari ya matso, na wanke tirena na jira. Sai ga shi da yamma, mutum biyu na biye da shi ɗauke da kujerar Mma. Ya ciro ta daga ɗakin ajiya, ya sa an sake mata ƙafa ɗaya, an shafe ta da fenti tana ƙyalli.

"Yaya, daga yau kin huta," ya ce. "Mutane suna zaginmu sosai. Wai muna da rai babbar yayarmu tana yawon aike."

Na ce masa tafiyar ita ce maganina, likita ce ta faɗa. Ya ce ai tsakar gida ma fili ne. Gayyata an riga an tura ta waya, goron manya kuma mai babur zai raba. Ya faɗa da murmushi, don shi a zuciyarsa alheri ya yi mini. Na rasa ta inda zan kama faɗa da mutumin da ya zo da ladabi. Ranar biki aka zaunar da ni a kujerar, ta yi mini daidai kamar da ni aka auna, mutane suna zuwa suna durƙusawa suna gaishe ni.

Maganarsa ta zaga unguwa. Aka yi suna biyu a layinmu, ba wanda ya aiko mini, kowa yana ganin girman ƙanena. Ina zaga tsakar gida, taku ashirin ka kai bango, tsakanin igiyar shanya da murhu. Safar da nake sawa ta fara ƙin wuce gwiwa.

Watan jiya na sayi goro da kaina, na jera a tire, na fita. Gidan farko da na shiga na wata tsohuwa ne, ƙawar Mma, tafiyar da a da ba na ko jin ta, amma na isa ina haki. Ta karɓi goron da hannu biyu, fuskarta ta washe.

"Wa ya haihu, 'yata?"

Na ce ba kowa. Ta tambaya ko aure ne, na ce a'a, gaisuwa ce kawai. Ta dubi goron, ta dubi ƙafafuna, ta daɗe tana dubansu. Sannan ta jawo kujera da sandarta.

"Zauna ki huta. Haka ƙafar uwarki ta yi."

Na so in ce mata a tsaye na fi jin daɗi, akwai sauran gidaje shida a gabana. Amma ƙafafun sun ƙi ɗaukata. Na ajiye tiren a ƙasa na zauna.