Wanda ya leƙa ramin sama

Shekara bakwai ke nan da muka kai Habibu makwancinsa a nan Alƙahira. Ɗan yayana ne. Ni kuwa mai tuwon ɗalibai ne a unguwar Abbasiya, karatuna bai wuce Tabbat Yada ba, ita ma sai an ja mini baki.

Karatun addini aka turo shi, ya zame ya koma jami'a a Giza, wai aikin rada. To, a garin nan rada ɗaya muka sani, wadda ke kama direba in ya zuba gudu. Na yi ta shela ɗanmu ya zama ɗan sandan hanya. Da ya ji, dariya har da riƙe ciki.

"Baffa, tamu sama take kallo."

Ya zauna gefen tukunyata ya fayyace mini. Can nesa da gajimare, inda tsuntsu bai taɓa kaiwa ba, akwai iska mai ɗauke da lantarki. In roka ta ratsa, hayaƙinta ya gauraya da iskar, sai wurin ya yi rami. Su kuma su aika wani kira da kunne ba ya ji, ya dawo musu, su gane faɗin ramin. Na saki muciya ina tasbihi.

Magana zarar bunu ce. Kafin labarin ya isa Kano ya zama wai Habibu yana huda sama. Ubansa, Yaya Malam, ya daina ɗaukar wayarsa. Har ciwon ƙoda ya ɗauke yaron, bai ce ya yafe ba. Abin da ke cin raina ke nan.

Yanzu roka ta zama kamar motar haya, kowa harbawa yake. Da Habibu na nan da ya rasa lokacin cin tuwo.

Watan jiya Yaya ya kira ni, muryarsa ta tsufa.

"Wannan ramin, yana nan har yau?"

Na ce a'a, Yaya. Habibu ya ce hasken rana ne ke mayar da shi, ba hannun kowa. Shi aikinsa ya zauna ya ga yadda yake cikewa.



"Ashe tafakkuri yaron yake yi," in ji Yaya. "Na yafe masa. In ka je kabarin, ka gaya masa."

Na je washegari da hantsi.