Ƙusoshin Tayar Alhaji

Shekarar da maigidana ya sayi motarsa kat-kat, ni dai tun ranar da ta shigo Magariya ban yarda da ita ba. Ta hannu ce, ta sha yawo a wata ƙasar Turawa kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano. Na leƙa ciki na ji wani wari kamar na jiƙaƙƙen bargo, na ce, "Alhaji, wa ya san abin da aka yi a cikin motar nan?" Ya ce in rufa masa baki, wai ni ko sabuwar tukunya aka kawo sai na nemo mata tsaga. Bai yi ƙarya ba, haka Allah Ya yi ni.

Ƙanensa ne ya je ya tuƙo ta. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma a gidanmu yake zaune tun rasuwar mahaifinsu. Shi ne direban Alhaji, shi ne ɗan aikensa, kwano ɗaya suke cin tuwo. Abin da kawai ke tsakaninsu shi ne gonar gado da ke Waca: shi yana so a raba, Alhaji yana ta ja masa rai.

Da bazara, rana na dukan ƙasa, Alhaji ya ɗauki motar da kansa zai je kasuwar Sassumbrum. A hanya tayar gaba ta fashe, mota ta ƙwace, ta afka gonar mutane, saura ƙiris ta rungumi bishiyar gawo. Allah Ya tsare, goshinsa kawai ya tsage. Da aka jawo ta gida aka tsuguna duba tayar, sai ga ƙusoshi. Ƙananan kawunan ƙarfe ne a jere, layi-layi, sun zagaye tayar, sun lotse cikin roba har sai ka sa ido za ka gan su. Aka duba sauran ukun, duk haka suke. Mai facin bakin tasha ya girgiza kai, ya ce shi ƙusa ɗaya ko biyu ya saba cirowa, wadda taya ta taka. Wannan kuwa hannu ne ya jera su.

Shi ke nan, gida ya rikice. Ni dillalin Kwatano da ya sayar masa da ita na zarga, sai maƙwabcinmu da ya zo ganin mota ya yi ta shafa ta bai ce ma sha Allah ba. Na faɗa wa Alhaji, bai ko dube ni ba. Tambaya ɗaya yake ta juyawa: wa ya yi kwanaki shi kaɗai da motar, daga bakin teku har ƙofar gida? Wani malami da ya gani ya ƙara wa wutar itace, ya ce aikin na gida ne. Aka samo awartaki aka bi ƙusoshin ana zarewa, aka tara su a gwangwani aka binne a bayan gari, aka yayyafa wa motar rubutu.

Daga nan Alhaji ya sa na raba musu kwano. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Alhaji! Yaron da ka goya? In da mugunta yake nufi, ai shi ya fi kowa zama a motar." Ya ce to me ya sa ranar bai bi shi kasuwa ba? Na ce zazzaɓi yake yi, ni na dafa masa saɓara. Ya ce zazzaɓin ma abin dubawa ne.

Ƙarshe dai rantsuwa ya nema. A wurinmu ba ƙaramin abu ba ne a sa mutum ya dafa Alƙur'ani, balle ɗan'uwanka na jini. Limamin unguwa ya yi ta ba da haƙuri, Alhaji ya kafe. Ƙanen ya yi alwala, ya dafa, ya rantse, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ya shigo ya naɗe tabarmarsa, ya yi mini sallama, ya hau motar Waca. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Alhaji kuwa ya zauna jiran ya ji rantsuwa ta kama shi. Damina ta wuce, kaka ta zo, yaro lafiya lau yana nomansa. Sai Alhaji ya ce wataƙila tsari gare shi.

Ina da ɗan yaya da ke aiki a Kanada. Wata rana da la'asar ya kira ni ta bidiyo, ya ƙudundune cikin rigar sanyi, wai yana shagon taya. Muna cikin gaisawa na hango tayoyi a bango bayansa, baƙaƙe, sababbi, ƙusoshi na ƙyalli layi-layi. Na yi salati da ƙarfi. Na ce, "Kai, fita daga shagon nan! Wa ya kai ka?"

Ya yi dariya har waya na rawa. "Gwaggo, ai su na zo zaɓa. In dusar ƙanƙara ta sauka a nan, hanya santsi take kamar miyar kuɓewa. Dole ka canza taya, ka sa mai taushin roba. Wasu da ƙusa, don ta kama ƙanƙara." Ya nuna mini ƙarafan ƙafar mota da ake ɗaura tayoyin a kai, munana, ya ce su ake sa wa saboda gishirin da ake zubawa a hanya yana cin masu kyan. In zafi ya dawo kuma a cire, don rana lalata su take.

Ban yarda nan take ba, yaron nan tun yana ƙarami ya iya tsara zance. Na sa ya zagaya da wayar, ya fita waje ya nuna mini ƙafafun motocin mutane, ya sa mai shagon ya kawo wata ya karce ƙusar da farce. Sannan na kai wa Alhaji wayar a zaure. Ya kalla, ya ce a sake nuna masa, ya kuma kalla. Ya daɗe yana shafa tabon goshinsa.

Ranar Juma'a muka tafi Waca. Mun tarar da ƙanen yana ɗaure damman hatsi. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa, ya durƙusa ya gaida yayansa yadda ya saba. Alhaji ya yi bayani, ya nuna masa hoton tayoyin a waya, ya ce ya tattara kayansa mu koma gida.

Ƙanen ya dubi hoton sosai, ya miƙa wayar da hannu biyu. Ya ce, "Na gani, Yaya. Amma na dafa Littafin Allah a gabanka ba ka yarda ba, sai da waya ta faɗa maka. Da matarka ba ta da ɗa a ƙasar ƙanƙara fa, yau mene ne ni a wurinka?"

Alhaji ya miƙe. Ni ma na bi bayansa. Ƙanen ya raka mu har bakin mota, ya rufe wa yayansa ƙofa, ya yi mana addu'ar sauka lafiya, ya juya wurin hatsinsa. Har yau bai sake kwana a gidanmu ba.