Guduma da Ƙarfen da Ya Sa a Aljihu

Shekara da shekaru ina faɗa wa shugabannin kasuwarmu ta gwangwan su riƙa tambayar inda kaya suka fito kafin a sauke mana. Abin da na samu shi ne suna: Baba Mita. To, ranar Laraba da ta wuce, Allah Ya karɓi ran ɗan ƙanwata, wanda duk kasuwa ke kira Guduma. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Guduma, ni na fara damƙa maka mayen ƙarfe. Ni na koya maka dokar sana'armu: abin da maye ya kama a jefa tuli, abin da ya ƙi kamawa a adana, don shi ne mai daraja. Ka bi dokar nan har ta kai ka kabari.

Ba ka taɓa barin tsoho ya ɗaga nauyi a gabanka ba. Da gwiwata ta ƙi, kai ka ƙera mini sanda daga bututu, kana dariya kana cewa, "Kawu, riƙe, amma ban da dukan shugaban kasuwa." Masu turo baro sun san sikelinka ba ya cin kowa.

Sai aka kawo tsohon injin asibiti cikin kayan gwanjo. Ka fasa kansa don darmar da ke ciki, ka tarar da ɗan guntun ƙarfe kamar babban yatsa. Maye ya ƙi shi. Ka jefa a aljihun riga, da yamma ka kai gida, ka sa a gwangwanin da kake tara jan ƙarfe, ƙarƙashin gadonku.

Amai ya fara, muka ce ciwon shawara ne. Ƙirjinka ya ƙone daidai aljihun, alhali ba wuta. Gashi ya zube. Da likita ya gane, wasu suka zo cikin fararen kaya har fuska, riƙe da na'ura mai kuka. Suka ce ƙarfen na fitar da guba da ido ba ya gani. Suka ɗauke gwangwanin da dogon ƙarfe, ba wanda ya yarda ya taɓa shi da hannu, suka kulle ɗakin, suka tafi.

A kan gadon nan matarka ta riƙa kwana, da tsohon ciki. Maganarka ta ƙarshe gare ni ita ce, "Kawu, ka tambayo mini su." Na je. Ofishin masu fararen kayan ya tura ni asibiti, asibiti ya ce in jira. Ban yi boko ba, amma na san idan ana kauce wa idona.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinka. Ƙanwata, Allah Ya ba ki dangana. Surukata, Allah Ya sauke ki lafiya.

Ku kuma da kuka sayar da injin nan a kan sikeli, da ku masu fararen kaya, ku ci gaba da kirana Baba Mita. Gobe ma ina bakin ƙofarku da sandata. Wani ya fito ya dubi idona ya faɗa mini: abin da ke cikin yarinyar nan, gubar ta taɓa shi ko ba ta taɓa ba?