Ranar da Muka Tsare Wayar Kawu Okke

Ni Wiebe ba mai rubutu ba ne, firamare ma da ƙyar na ƙarasa ta. Amma labarin ƙanwata Renske sai na rubuta shi, ko da zai ɗauke ni mako guda. Kuma daga farko zan ɗauko, don in na biye wa daɗin da ke raina na fara daga ƙarshe zan ɓata shi.

A cikin jirgin ruwa aka haife ta, kamar ni. Jirginmu na dakon kaya ne, sunansa Jantina, sunan kakarmu. Yashi muke ɗauka da tsakuwa, wani lokaci alkama, yau muna Delfzijl jibi muna Lemmer. Ɗakinmu a bayan jirgin yake, taku shida ka gama shi. Shekara bakwai na ba ta, don haka kusan ni na yi renonta. Da ta fara tafiya Inna ta ɗinka mata ɗamara, aka ɗaura mata igiya a ƙarfen gefen jirgi kamar yadda ake yi wa duk yaran jirgi don kada su faɗa ruwa. Ba ta cika shekara uku ba ta koyi kwance ƙullin. Baba ya canza ƙulli, ta zauna ta ƙura masa ido har ta kwance. Ya sake canzawa, ta sake kwancewa. Ƙarshe a ƙuguna aka ɗaura igiyar, duk inda na sa ƙafa tana biye da ni.

Ni karatuna na bakin tasha ne. Duk garin da za mu yi kwana biyu sai a tura ni makarantarsu, a zaunar da ni a bencin baya. Akwai shekarar da na shiga makaranta goma sha ɗaya. Nan sun wuce inda nake, can ba su iso ba, gaba kuma littafin ma daban ne. Ina da shekara goma sha biyu Baba ya ce hannuna ya fi amfani a kan igiya, ni kuwa ban yi musu ba. Abin da na tsira da shi daga makaranta wata jakar fata ce ruwan ƙasa da kakarmu ta saya min.

Inna ta ce ba za a maimaita wannan da Renske ba. Tana shekara shida aka kai ta gidan kwana na 'ya'yan masu jirgi a Groningen, daga nan take zuwa makarantar gari. Ni da Inna muka raka ta. Na rataya mata jakata, ta sauko mata har bayan gwiwa. Ba ta yi kuka ba. Daga baya ne matar da ke kula da gidan ta faɗa mana cewa yarinyar ta yi ta ƙorafin gadon ba ya motsi, kuma gidan ya cika shiru, babu ƙarar inji.

A ajin farko ta haɗu da Hilke, 'yar wani mai gyaran keke. Yaran gari sun tasa Renske a gaba wai warin man inji take yi. Hilke ta zo ta sunsuni rigarta a gaban kowa, ta ce ai babanta ma haka yake wari, ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Tun daga ranar ba su rabu ba. In jirgi ya yi nisa a ƙarshen mako, gidan su Hilke Renske take tafiya. In an yi hutu Hilke ta biyo mu, kuma tun ba mu bar tasha ba take fara amai, shi ya sa Baba yake kiranta matuƙiya. Renske ce mai kan lissafi, Hilke mai baki. Haka suka yi shekara goma sha biyu, jakar nan tawa na rataye a kafaɗar Renske. Sau biyu ina ɗinke mata hannun jakar da zaren tamfol.

Burin Renske shi ne ta shiga makarantar koyon aikin jinya, kuma ba sa ɗaukar wanda bai ci jarrabawar ƙarshe ba. A bara ne Inna ta fara ciwon baya, ta daina iya tsallakawa gaɓa ta ɗaure igiya. Wata rana muna cin dankali Baba ya ajiye cokali ya faɗi magana ɗaya: in Renske ta ci, ta tafi, zai nemi ma'aikaci. In ba ta ci ba, babu zancen maimaita shekara, ta dawo jirgi ta karɓi aikin Inna. Ba mugunta ba ce, jirgi ba ya tafiya da hannu huɗu kawai, nawa da nasa. Amma ni na san wanda ya dawo jirgi yana da shekara goma sha takwas ba ya sake fita.

Yadda makarantarsu take yi ranar sakamako, waɗanda suka faɗi kawai ake kira a waya, tsakanin ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu. In huɗu ta buga wayarka ba ta yi ƙara ba, ka ci ke nan, sai ka fito da tuta ka rataya jakar makarantarka a kan sandar, kowa ya gani. To mu ba mu da waya a jirgi, su kuma sun ce dole a ba da lamba. Ni na kawo shawarar Kawu Okke. Ba kawunmu na jini ba ne, shi ne mai tsaron wata ƙofar ruwa, inda jirage ke tsayawa a ɗaga su ko a sauke su kafin su wuce, kilomita goma sha huɗu daga Groningen. Tun muna ɗaure da igiya yake jefo mana alewa daga tagarsa. Na takura wa Baba sai da ya yarda mu iso can ranar Alhamis ɗin, da tsakuwarmu cike da jirgi, yana ta mita wai shi bai taɓa jin an tsayar da jirgi don a saurari shiru ba.

Ƙarfe biyu saura muka cika ɗakin Kawu Okke. Tebur ɗaya ne, da baƙar waya, da butar shayi. Renske ta zauna a benci ta ɗora jakar a cinya. Inna ta kawo gahawa da burodi da cuku, ba wanda ya taɓa sai Kawu Okke.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, wayar nan ta aiki ce. Biyu da minti biyar ta yi ƙara. Renske ta ƙanƙame jakar. Kawu Okke ya ɗauka, ashe mai tsaron gadar da ke gaba ne yake cewa ga jirage biyu nan tafe. Kawu ya ce ya ji, ya ƙara da cewa yau ba ranar hira ba ce, ya ajiye. Ba a jima ba ta sake yin ƙara. Sau tara na ƙirga. Duk ƙarar da ta yi sai Inna ta dafe kafaɗar Renske, in an ajiye ta saki. Kawu ya yi ta katse mutane, har matarsa da ta kira ta ji ko yana son kifi da yamma bai bari ta ƙarasa ba.

Uku da rabi sai ga kiran mai gidansa daga ofis, kan maganar gyaran ƙofar da za a yi. Wannan ba ya katsuwa. Kawu ya miƙe tsaye yana ta "to ranka ya daɗe, haka ne ranka ya daɗe", idonsa a kan agogo. Minti ashirin da biyar mutumin nan yana magana. Da aka ajiye, saura minti biyar huɗu ta cika. Muka kalli agogon har ta cika.

Na zabura zan ɗauko tuta. Renske ta riƙo rigata.

"Yaya, zauna."

"In zauna in yi me? Huɗu ta yi, ba su kira ba."

"In a lokacin da Kawu ke kan waya suka kira fa?"

Na koma na zauna. Ta ce a gidan kwanansu an taɓa yin wani yaro da iyayensa suka ɗaga jaka, washegari suka sauke ta a gaban duk jiragen tasha, ita kam ba za a yi haka da ita ba. Kawu Okke ya kira makarantar, ta yi ta ƙara ba wanda ya ɗauka. Ya sake gwadawa, haka. Sai ya shiga ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. Baba dai ya duba agogonsa, don in shida ta yi za a rufe ƙofar sai gobe, ya fita ya ce zai duba inji. Injin nan lafiyarsa ƙalau, da safe na duba shi.

Muka koma bakin ruwa muka zauna. Renske na rungume da jakar, tana murza ɗinkin da na yi mata a hannu. Ta ce min in ma ta dawo jirgi ba komai, ai ta iya ƙulli. Na ce mata kwancewa dai ta iya. Ta ɗan yi dariya.

Wajen biyar saura Kawu ya leƙo ta taga ya ce ga wata can a kan keke tana faɗa da iska. Hilke ce. Ta iso ta yar da keken a kan ciyawa, fuskarta ja wur, idanunta a kumbure. Renske ta miƙe a hankali.

"Hilke, ke fa?"

"An kira ni. Huɗu saura kwata. Lissafi ne ya kayar da ni, sai na sake rubutawa nan da mako biyu." Ta share hanci da bayan hannu. "Bar wannan tukuna, ki bari in yi numfashi."

Da ta sami numfashi ta ce tun malamin da ya kira ta bai gama yi mata jaje ba ta tambaye shi Renske fa. Ya ce ba a faɗa wa mutum sakamakon wani. Ta ce to ba za ta ajiye wayar ba. Can ya ce mata ita ce ta ƙarshe a takardarsa, mutum biyar ne, kuma duka biyar ɗin sun ɗauka ya yi magana da su. Tana ajiyewa ta kira lambar Kawu Okke sau uku, layin a toshe. Nan ta gane abin da Renske za ta saƙa a ranta, sai ta hau keke.

Renske ta zauna daɓas a kan turken da muke ɗaure igiya. Ni kuwa ban san sanda na rungumi Kawu Okke ba, da kofinsa a hannu. Inna ta juya mana baya tana goge ido da gefen riga.

Na ɗauko tuta na sa a sandar bayan jirgi, na miƙa hannu in karɓi jakar. Renske ta ƙi saki. Ta ce ba za ta ɗaga ba sai Hilke ta sake rubutawa, su ɗaga tare.

"Ke 'yar man inji," in ji Hilke, "kilomita goma sha huɗu na tuƙo iska na marina, ba don in zo in kalli sanda ba komai a kanta ba. Kawo."

Ta fizge jakar, ta zazzage littattafan a kan benci, ta hau jirgin da ko a tsaye yake sa ta jiri, ta ɗaure jakar a kan sandar. Ƙullin da ta yi ko tsuntsu ya sauka zai warware. Sai ga Baba ya fito daga ɗakin inji yana goge hannu da tsumma. Ya tsaya ya kalli ƙullin.

"Matuƙiya, shekara goma sha biyu kina hawa jirgina, wannan ne abin da kika koya?"

Ya kwance ya ɗaure da kansa, ya ja da ƙarfi har sau biyu. Ya waiwayo ya ce wa Renske wannan kam ba na kwancewa ba ne, ta ji ko. Ta ce ta ji. Kawu Okke ya koma ɗakinsa ya danna odar ƙofa, jiragen nan biyu da ke jiran layi suka amsa masa, Baba ma ya je ya danna tamu, ya daɗe bai saki ba.

Renske ba ta biyo mu ba. Littafin lissafi kawai ta ɗauka cikin waɗanda aka zazzage, ta ce wa Inna za ta zauna gidan su Hilke har ranar jarrabawar, kuma Hilke ba za ta ga rana ba sai ta gane abin da ya kayar da ita. Ta hau keken ita ke tuƙi, Hilke a baya, wannan karon iska na tura su. Mu kuma muka shiga ƙofa shida saura minti goma.

Yau kwana huɗu ke nan. Jiya a Lemmer na ji Baba yana tambaya a tasha ko akwai wanda ke neman aikin jirgi. Jakar tana nan a sandarta. Mutanen gari mako ɗaya suke barin tasu, ni na ce tamu ba mai sauke ta sai mun ji labarin Hilke. Duk gadar da muka zo wucewa sai mai tsaronta ya leƙo ya tambayi wa ya ci. Ɗazu wani da ya san ni tun ina yaro ya nuna ta ya ce, "Wiebe, kar dai kai ne bayan tsufa?"

Na ce masa ƙanwata ce. Amma jakar tawa ce.