Farin Ganye A Akwatin Kifina Da Ciwon 'Yata

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na rubuto, domin har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. A wancan lokaci ni ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, amma a Keffi nake zaune, kamar da yawa irina da tsadar hayar birni ta koro. Da sassafe nake fita in sha cunkoson Mararaba, in dawo a gajiye. Ina da mata da 'ya ɗaya wadda ba a daɗe da yaye ta ba, kuma ran yarinyar nan na kusa salwantarwa da hannuna. Ni mutum ne mai taurin kai da ganin na iya, wannan ba zan ɓoye ba. Abin da nake ɗebe gajiya da shi kuwa akwatin kifi ne na gilashi da na ajiye a falo, na cika shi da tsirran ruwa. A ofishinmu na fara ganin irinsa, raina ya biya, na sayo nawa wurin wani mai sana'ar a Abuja. Maiɗakina takan yi mini tsiya, wai mutane na noman doya ni ina noma a cikin gilashi, ganyen da ko miya ba a yi da shi.

Babbar matsalar unguwarmu ruwa ce. Sabuwar unguwa ce a bayan gari, famfo bai iso ba, sai abin da 'yan garuwa suka kawo, su ma ba kullum ba. Wata rana na je Agwada gaida yayana, wanda manomi ne, sai na ga wasu manyan jarkoki masu kauri a jingine bayan rumbu. Da ya ga na ƙyasa, ya ce in ɗauki biyu. Bai ɓoye mini ba, ya ce na maganin feshin ciyawa ne, amma an wanke su tas da toka da ruwan zafi, an shanya su a rana. Na buɗe na shinshina, ban ji komai ba. Na ɗaure su a bayan motar haya ina murna na samu banza. A gida na sake ɗauraye su da sabulu, na sa aka cika su, na ajiye a kicin. Daga nan muke girki, daga nan ake dama wa yarinya kunu, daga nan kuma nake ɗibar ruwan da nake sauya wa kifi duk ƙarshen mako.

Ba a jima ba ganyen ya fara canjawa. Ni da nake ganin na ƙware, ban damu ba. Na san in tsofaffin ganye na ƙasa suka yi rawaya, abinci ne ya yi wa tsiro kaɗan. Na san in ganye ya fito da 'yan huji-huji, wani sinadarin ne ya rasa, in kuma baƙar gansakuka ta hau gefensa, haske ne ya yi yawa. Don haka na ƙara takin ruwa. Bai yi ba. Na canja fitila, na rage wa kifi abinci, na ɗora laifin kan rashin wuta. Da na ga abin na ƙara gaba, sai na yi abin da na ɗauka shi ne gata, wato na riƙa sauya ruwan akai-akai, daga jarkokin nan dai.

A daidai wannan lokaci yarinya ta fara zawo da amai. Ta daina cin abinci, ta rame, idanunta suka faɗa. Maƙwabta suka ce ciwon yaye ne, wata ta ce haƙori ne, surukata ta aiko da jiƙo. Muka karɓo magani a kemis, ta yi kamar ta samu sauƙi, sai ciwon ya dawo. Maiɗakina ta ce mini ita ma cikinta na murɗawa, kuma tana zargin ruwan nan. Wallahi tsawa na daka mata. Na ce ba ita ke tafasa ruwan da hannunta ba, wace cuta ce za ta tsallake wuta? Ni kuwa lafiyata ƙalau, domin yini nake a ofis ina shan ruwan leda.

Wata Asabar da hantsi na ɗauki hoton akwatin na tura wa mai sayar da tsirran, ina masa ƙorafin ya sayar mini da taki marar kyau. Ya kira ni. Abin da ya fara tambaya shi ne, tsofaffin ganye ne suka canja ko sababbin toho. Na sunkuya na duba da kyau, a karon farko ba da idon na-riga-na-sani ba. Tsofaffin na nan kore shar. Sababbin ne ke fitowa fari fat kamar takarda, a murɗe, su ruɓe tun ba su buɗe ba. Ya tambaya ko jijiyoyin ganyen sun rage kore, domin in haka ne ƙarancin sinadarin ƙarfe ne kawai. Na ce a'a, har jijiyar fara ce. Ya tambaya iri ɗaya ne ko duka, na ce duka, har ɗan ganyen da ke yawo a saman ruwa. Sai ya ce yunwa ba ta kama tsirrai daban-daban rana ɗaya ta wannan siga, wannan ya fi kama da guba. Ya tambaye ni ko an yi feshin ciyawa kusa da gidan, ko kuma a cikin me nake ajiye ruwa.

Daga inda nake tsugune ina hango kicin, ina kuma hango maiɗakina zaune a tabarma da yarinya a cinya, tana lallaɓa ta da kofin kunu. Innalillahi. Ban san lokacin da na fizge kofin na watsar ba. Sai nuna mata jarkokin nake yi. Ita ta fi ni saurin ganewa. Ta saɓa yarinyar ta yi waje ko takalmi babu, na bi ta muka tare keke mai ƙafa uku.

A hanyar asibiti yarinyar ta yi laƙwas a kafaɗar uwarta, kanta na lilo duk ramin da muka faɗa. Ina ta sa yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi. Tsoron da na ji a keken nan ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ji shi. Likita ya saurare ni, ya tambayi sunan maganin, na ce an kankare takardar jikin jarkokin. Ya ce robar jarka tana shan irin wannan magani ta riƙa sakinsa a hankali, toka ba ta fitar da shi, tafasawa ma ba ta kashe shi. Aka kwantar da yarinyar, aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗebi jini don duba hanta da ƙoda. Kwanakin da muka yi muna jiran sakamako, ban iya haɗa ido da matata ba. Da a ce ta zage ni da na fi samun sauƙi, amma ba ta yi ba.

Allah Ya taimake mu, yarinya ta tashi. Sai dai likita ya ce ba zai iya yi mana alkawarin abin bai bar komai ba, mu riƙa kawo ta gwaji lokaci-lokaci. Yanzu ta shiga makaranta, tana wasa kamar kowa, amma duk ranar da ta ce Baba cikina, gabana sai ya faɗi. Da na koma Agwada na gaya wa yayana, cewa ya yi ajali ne kawai ke kisa, su shekara nawa suna sha. Na leƙa ɗakin girkinsu, na ga irin jarkokin a jere, jikokinsa na ɗiba da moɗa. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, ya ce boko ya ɓata ni.

Abin da na koya shi ne, in abu mai rai ya canja kama a gidanka, tsiro ne ko dabba ko yaro, ka tsaya ka duba da kyau kafin ka yanke hukunci, kuma in matarka ta ce tana zargin abu, ka saurara. Ina roƙon masu karatu, musamman mu da ke da 'yan'uwa manoma, kada kyan jarka ya ruɗe ku, kada kuma ku yarda da hancinku. Ni dai yanzu duk jarkar maganin feshi da na gani a gidan da nake da iko, wuƙa nake sawa in farke gindinta. Mai ita ya yi fushi da ni, na yarda, ya fi in je masa ta'aziyyar ɗansa.