Tafinta a Ƙarƙashin Taga

Aikin farrash a asibiti wahala ne, shara, wanki, tura marasa lafiya, amma babu ranar da ta gajiyar da ni kamar ranar da aka mai da ni tafinta.

Da kakar dawa ne. Wata Hajja Zulai ta zo sashenmu na motsa jiki daga ƙauyen Gedambaliya. Fitsari ke kufce mata in ta yi tari ko ta ɗaga dami, har ta yi niyyar barin aikin gona, alhali da shi take ci da gidanta. Larabcinta na kasuwa ne, daktora, likitar sashen, ba ta jin Hausa sai Larabci, sista mai ji tana hutu. Aka kira ni.

Hajja na ganina ta rufe fuska, ta ce gara ta koma gida da ta faɗi wannan gaban namiji. Sai daktora ta sa na fita na tsuguna ƙarƙashin taga, cikin rana, in ji in mayar.

Daktora ta ce akwai nama a ƙasan mara mai riƙe fitsari, tare yake aiki da naman ciki. Hajja kuwa in za ta ɗaga kaya sai ta riƙe numfashi ta turo ciki, yadda duk 'yan gona ke yi, ƙarfin ya danna ƙasa kafin naman ya kama. Gyaran shi ne ta fara matse ƙasa kamar mai riƙe tusa, ta ɗan ja mara, ta saki numfashi, sannan ta ɗaga.

Na mayar ƙasa-ƙasa, don mutane na wucewa.

"Malam, ɗaga murya mana," in ji Hajja. "Ni ke da ciwon, kai ke jin kunyar?"

Na ɗaga. Masu wucewa suka tsaya kallona.

Aka ba ta jarkar ruwa ta gwada. Ta kasa, ta sake, ta kasa. Can na ji ta sake ɗagawa, sai tari, sai guɗa har taga na rawa.

"Faɗa mata a bushe nake! Wallahi a bushe!"

Ni ma na miƙe ina kabbara, na manta in fassara. Daktora ta ce sai ta daure da gwajin watanni tukuna, Hajja ta ce gona dai ba ta bari, kuma maƙwabtanta za ta turo.

Washegari da safe na ɗauko ƙanwata Ramlatu, na kai ta gaban daktora, na ce ga tafinta mace, ni a bar ni da tsintsiyata.