Rijiyar da Na Ƙara wa Zurfi

Duk Zongon Lome an san ni da labari. Ko suna ake yi ko zaman makoki, in na gyara zama mata kan ajiye abin da ke hannunsu. Wanda aka fi nema shi ne na rijiyar lambuna ta Bagida, wadda teku ya shiga. Na ba da shi ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa ba da shi daidai ba.

Lambun na mijina ne, Allah ya jiƙansa. Da ya rasu na ci gaba da shi, albasa da karas da latas a kan yashin nan na kusa da teku, ina kaiwa kasuwar Asigame. Yadda nake faɗa wa mutane, rijiyar gaba uku ce, ruwanta garai, sai wata shekara ƙaramar damina ta ƙi zuwa, teku ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa ya cika ta da gishiri, albasa ta ƙone. Nakan ƙara da cewa har ƙaguwa na jawo a guga. A nan mata kan yi salati.

Ina da jika, 'yar ɗana na fari, da ta yi lakwal har jami'a. Aikinta na kammala karatu a kan ruwa ne. Ta ce suna zuba wa kwamfuta ruwan saman shekarun baya da zafin rana da irin ƙasa, na'urar kuma ta nuna yadda yankinmu zai kasance nan gaba, inda masara za ta daina yi, da inda gishiri zai kai ga rijiyoyi. Na ce wannan ai duba ne, Allah kaɗai ya san gobe. Ta ce to ni da nake kallon hadari in kwashe shanya, wane malami ya ba ni izini? Na ce ta miƙo mini goro.

Ashe kafin a yarda da abin da na'urar ta faɗa a kan gobe, sai an gwada ta da jiya. Labarin rijiyoyi kuwa ba wanda ya rubuta, sai a bakin tsofaffi. Da ni ta fara. Na gyara zama na ba ta shi cif, har da ƙaguwar. Ta tambayi zurfi, na ce gaba uku. Ta rubuta.

Na'urar ta dace da rijiyoyin kowa, ta ƙi tawa. Wai rijiya mai wannan zurfin, ƙarancin ruwan shekarar bai isa ya kai mata gishiri ba. Malaminta ya ce tsofaffi kan manta, ta bar tawa ta wuce. Ta ce masa kakarta ba ta mantuwa, in lissafi ya saɓa wa rijiyata to lissafin ne da gyara, kuma ba za ta kai wa masu lambu shawarar da ta san da ɓaraka a ciki ba. Da bakinta ta ba ni labari, tana jin daɗin ta tsaya mini. Ni kuwa na ce Allah ya yi mata albarka.

Ta warware aikin ta sake ɗinkawa, ta kuma warwarewa. Abokan karatunta suka gama. Duk Juma'a takan hau zemijan, babur ɗin haya, ta zo cin tuwo, ina ganin wuyanta yana tsawo, ina ƙara mata miya.

Ga abin da ya faru da rijiyar. Maƙwabciyata a lambu ta sayi injin ban ruwa, fangalinta ya fi nawa kore, abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauko wani tsohon mahaƙi daga unguwar Be na ce ya ƙara mini zurfi. Ya ce a bakin teku ruwan daɗi a kan na gishiri yake kwance, kamar manja a kan miya, sama-sama ake ɗiba. Na ce ba wa'azi na kira shi ba. Ya ƙara gaba biyu, na kawo nawa injin, yana ruri daga hantsi har la'asar. Ba a yi wata biyu ba ruwan ya ƙi shayuwa. Shekarar kuwa damina ta yi rowa, sai na ɗora mata laifin, ta kuma ɗauka ba ta yi musu ba.

Wata Juma'a ina tsintar wake, ta ce mini ta roƙi malaminta a ɗage mata zuwa baɗi, an kuma yarda. Na ci gaba da tsinta har na rasa abin tsinta.

Na ce, "'Yar nan, rijiyar gaba biyar ce. Ni na sa aka ƙara. Akwai inji kuma."

Ta kalli faifan waken. Sannan ta ce, "Kaka, wata huɗu fa ina fama da rijiyar nan."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi. Ta ciro littafinta ta shiga tambayata kamar matar da ta tarar a hanya: wane wata aka haƙa, awa nawa injin ke yi, yaushe na fara jin gishiri. Na amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ado. Ban taɓa jin labari ya yi muni a bakina kamar ranar ba. Na tambaya ko dole sunana ya shiga littafin. Ta ce ba a sa suna, amma malaminta ya san rijiyar ko ta wace ce, ita kuma za ta je ta faɗa masa.

Daga baya ta ce lissafinta na farko shi ne daidai, ta koma kansa. Shekarar dai ta wuce ta, sai baɗi.

Har yanzu tana zuwa ran Juma'a, tana cin tuwona, muna tsokanar juna. Amma makon jiya na ce mata a zamaninmu ruwan fari kan sauka kafin mangwaro ya ƙare. Ta gyaɗa kai, ta tambaye ni a hankali ko akwai wata tsohuwar da za ta iya tambaya.